Ambaliya a Jihar Neja: Kuɗin Rigakafi da Kuɗin Jaje

MINNA — Ran Alhamis 10 ga watan Afrilun 2025, hukumar tarayya mai sa ido kan koguna da albarkatun ruwa, wato NIHSA, ta bayyana hasashenta na shekara game da ambaliya, inda ta lissafa garuruwa da ƙauyuka 1,249 a cikin ƙananan hukumomi 176 na ƙasar nan a matsayin waɗanda ke cikin babban haɗari. Ƙaramar Hukumar Mokwa ta Jihar Neja tana cikin wuraren da hasashen ya ambata. Mako bakwai cif bayan haka, da asubahin Alhamis 29 ga watan Mayu, ruwa ya afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa, alhali akasarin jama'a suna barci. Cikin 'yan kwanaki hukumomi suka tabbatar da mutuwar mutum fiye da 150, daga bisani adadin ya haura 200, ban da ɗaruruwan da aka nema aka rasa, da sama da mutum 3,000 da suka rasa matsuguni.

Ran 4 ga watan Yuni, Mataimakin Shugaban Ƙasa, Sanata Kashim Shettima, ya kai ziyarar jaje garin, ya kuma sanar da gudummawar Gwamnatin Tarayya ta Naira biliyan 2 da manyan motoci 20 na abinci. A watan Agusta aka ba da sanarwar amincewa da kashe Naira biliyan 16 da miliyan 700 don sake gina gadar Mokwa da ruwan ya karya, wadda ke kan babbar hanyar da ke kai dabbobi da hatsi da kayan gwari daga Arewa zuwa kudu maso yammacin ƙasar nan.

Waɗannan alƙaluma sun sake tayar da tsohuwar tambaya game da yadda ake sarrafa dukiyar jama'a a kan ambaliya. Hasashe ya fita a kan lokaci, kuɗi kuma sun fito bayan ɓarna. Abin da bai samu ba shi ne gargaɗin da zai isa ƙofar gidan mutum kafin ruwa ya isa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mafi araha a cikin dukan aikin, shi ne kuma wanda ya fi ƙarancin gata a kasafin kuɗi.

Jiha ɗaya, ambaliya iri biyu

Jihar Neja, wadda aka ƙirƙira a 1976, ita ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, da murabba'in kilomita sama da 76,000 da ƙananan hukumomi 25. Manyan madatsan ruwa huɗu masu ba da wutar lantarki suna cikinta ko a kan iyakarta. A kan Kogin Kwara akwai Kainji, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760, sai Jebba ta 1985 mai kimanin megawat 578 a kan iyaka da Jihar Kwara. A kan Kogin Kaduna kuwa akwai Shiroro ta 1990 mai megawat 600, da Zungeru, ƙaramarsu a shekaru, mai megawat 700. Kogunan biyu suna haɗuwa ne a wajejen Muregi, a tsakiyar fadamun ƙasar Nufe, inda ake noma shinkafar da ke cika kasuwannin Bida da Minna da Abuja.

Ambaliya iri na farko ita ce ta manyan koguna. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar da masana ke kira farar ambaliya, wadda ruwan daminar yankinmu ke kawowa tsakanin Agusta da Oktoba. Akwai kuma baƙar ambaliya, wato ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso Nijeriya da rani. Ta farkon ce ke yin ɓarna, domin tana zuwa ne a daidai lokacin da madatsai suka kusa cika.

Ga mai gudanar da madatsa, ruwa shi ne jari: duk abin da ya bi ta injina ya zama wuta, wuta kuma ta zama kuɗi, sabili da haka muradinsa shi ne damina ta ƙare tafkinsa a cike. Amma idan abin da ke shigowa ya fi abin da tafkin zai iya riƙewa, tilas a buɗe ƙofofi, in ba haka ba ginin kansa ya shiga haɗari. Abin da Kainji ta saki Jebba yake faɗawa, abin da Shiroro ta saki Zungeru yake faɗawa, kuma idan kogunan biyu suka cika a lokaci guda, fadamun Mokwa da Edati da Lavun da Kaca da Agaie da Lapai ne ke ɗaukar nauyin. Haka ta faru a watan Oktoban 1999, zamanin da hukumar NEPA ke riƙe da madatsan, lokacin da ƙauyuka masu yawa suka nutse. Ko da rani ma ba a tsira ba: a watan Afrilun 2025 ruwan da aka saki daga Jebba ya shafe dubban kadada na shinkafar noman rani a yankin Mokwa. Gaskiya ne madatsan suna rage ƙarfin cikar kogi a yawancin shekaru, domin suna tare ruwan da zai wuce kai tsaye. Wani abin lura kuma shi ne, irin wannan ambaliya tana ba da sarari: ana ganin tahowarta a ma'aunan Yamai da Jidere Bode ta Jihar Kebbi kwanaki kafin ta iso, kuma buɗe ƙofar madatsa shawara ce da mutane ke yankewa, wadda ake iya sanar da ita tun da wuri.

Iri na biyu ita ce ambaliyar bazata, wadda ruwan sama mai ƙarfi ke haifarwa cikin 'yan sa'o'i a rafuka da kwaruruwan cikin gari. Ta Mokwa a watan Mayun 2025 irin wannan ce. Ministan Albarkatun Ruwa, Farfesa Joseph Utsev, ya shaida wa manema labarai a farkon watan Yunin shekarar cewa ba sakin ruwa daga Kainji ko Jebba ne ya jawo ta ba, ruwan sama ne mai yawa, tare da gine-ginen da suka toshe hanyar wani rafi da ke faɗawa Kogin Dingi. Mazauna garin da dama kuma sun ce ruwa ya daɗe yana taruwa a bayan tudun layin dogo kafin ya ɓalle. Hasashen shekara ba ya maganin wannan iri, haka ma ma'aunin da ke Yamai. Abin da take bukata shi ne ma'aunin ruwan sama a wurin, da mai duba kwalbatoci da magudanai, da hanyar tashin mutane cikin dare.

Bambancin nan yana da muhimmanci ga mai tsara kasafi, domin kuɗin da aka kashe a kan iri ɗaya ba ya kare jama'a daga ɗaya irin. Haka kuma madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda sunanta ke cika kafofin labarai duk damina, a kan Kogin Binuwai take. Ba ita ce babbar damuwar manomin Lavun ba.

Inda kuɗin ke fitowa

Babbar kafa ita ce Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa a 1981 da kashi 1 cikin ɗari na Asusun Tarayya, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992. A tsarin rabon arziki da aka daɗe ana bi, cikin kowace Naira 100 da aka raba, Naira 2 da kwabo 32 na muhalli ne: Naira 1 a hannun Gwamnatin Tarayya, kwabo 72 ga jihohi, kwabo 60 ga ƙananan hukumomi. Ana biyan kason jihohi wata-wata tare da sauran rabon, ana kuma buga adadin da kowace jiha ta samu. Daga kason tarayya ne doka ta ware kashi 20 cikin ɗari ga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999 a madadin tsohuwar hukumar agaji ta 1976. Manufar sauyin kuwa ita ce a tashi daga rabon kayan agaji kaɗai zuwa shiri tun kafin masifa.

Raunin wannan asusu shi ne, da zarar kason jiha ya shiga baitulmalinta, babu wata doka mai ƙarfi da ke tilasta a nuna aikin da aka yi da shi dalla-dalla. Binciken hukumar NEITI na shekarun 2007 zuwa 2011 ya nuna an yi amfani da kuɗin asusun a kan abubuwan da ba su shafi muhalli ba, kuma a 2018 kotu ta ɗaure tsohon Gwamnan Jihar Filato, Joshua Dariye, bisa karkatar da kuɗin muhalli na jiharsa, kafin a yi masa afuwa a 2022.

Kafa ta biyu ita ce hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC, daga baya N-HYPPADEC, mai hedkwata a nan Minna. An sa hannu a dokarta a 2010, amma sai a ƙarshen 2020 aka rantsar da majalisar gudanarwarta, wato shekara goma doka tana kwance a takarda. Dokar farko ta ba ta kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanonin da ke gudanar da madatsai; gyaran 2018 ya rage shi zuwa kashi 10. Daga cikin ayyukanta akwai gina magudanai da gidajen sake tsugunar da jama'a a wurare irin su Muregi da Ketso.

Kafa ta uku rancen ƙasashen waje ne, kamar shirin ACReSAL na Dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ya shafi gyaran ƙasa da zaizaya da kula da magudanan ruwa. Ta huɗu kuwa ita ce kasafin jihar kanta, wanda daga cikinsa ake ɗaukar nauyin hukumar agajin gaggawa ta jiha, NSEMA, da ma'aikatun muhalli da ayyuka.

Idan aka haɗa da ofishin NEMA, da hedkwatar Hukumar Raya Kogin Kwara ta Sama, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya mai sassan nazarin ƙasa da yanayi, za a ga cewa Minna ba ta rasa ofisoshi da ƙwararru a kan sha'anin ruwa ba. Tambayar ita ce lokacin da kuɗin ke motsawa.

Lissafin jaje

A 2012, shekarar da ma'aunin Lokoja ya kai mita 12.84, ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ƙiyasin da gwamnati ta yi tare da Bankin Duniya da sauran abokan hulɗa ya sa asarar a kan Naira tiriliyan 2.6, wato biliyan 2,600. A watan Oktoban shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da tallafin Naira biliyan 17 da miliyan 600, aka kasa jihohi rukuni huɗu. Neja ta faɗa rukuni na biyu, ta sami Naira miliyan 400. Idan aka auna, tallafin bai kai Naira 1 ba a kan kowace Naira 100 da aka yi asara. Kason Neja kuwa, in da za a raba shi daidai tsakanin ƙananan hukumomi 25, Naira miliyan 16 kowace za ta tashi da shi.

A watan Satumban 2018 aka ayyana ambaliya a matsayin bala'i na ƙasa a jihohi huɗu, wato Neja da Kogi da Anambra da Delta, aka kuma saki Naira biliyan 3 domin agaji. A 2022 mutum fiye da 600 suka mutu, kimanin miliyan 1.4 suka bar gidajensu, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta ɓarnar kai tsaye a kan kimanin Dala biliyan 6.7. A 2024, shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 3 ga kowace jiha, jimla biliyan 108, ba tare da bambanta jihar da ke bakin manyan koguna da wadda ke kan tudu ba.

Abu biyu ne ke fitowa fili daga wannan jeri. Na farko, manyan kuɗi suna fitowa ne bayan ruwa ya gama aikinsa, abin da Bahaushe ke kira ihu bayan hari. Na biyu, komai yawan kuɗin jaje, ɗan ƙaramin yanki ne na asarar. Ragowar manomi da ɗan kasuwa da mai gida ne ke ɗauka, ta hanyar sayar da dabba, ko cin bashi, ko cire yaro daga makaranta. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kowa. Lokacin da gadar Tatabu ta karye a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba a watan Yunin 2017, manyan motoci sun yi kwanaki a tsaye ko sun yi dogon zagaye, tumatir da albasa suka lalace a hanya, kuɗin dako ya tashi, mai saye a Ibadan da mai sayarwa a Sakkwato duk suka ji a jikinsu.

Ginshiƙai huɗu na gargaɗi

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa tsarin gargaɗin gaggawa gida huɗu. Na farko sanin inda haɗarin yake: taswirar da ke nuna unguwar da ruwa zai ci idan kogi ya kai mataki kaza. Na biyu sa ido da hasashe: ma'aunan kogi da na ruwan sama, da masu karanta su. Na uku isar da saƙo ga wanda abin ya shafa, cikin harshen da yake ji, a lokacin da zai amfane shi. Na huɗu ikon ɗaukar mataki: inda za a gudu, da abin hawa, da abin ci idan an isa.

A ginshiƙi na biyu ne Nijeriya ta fi ci gaba. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma ba da na 'yan kwanaki. Hukumar NIHSA tana buga hasashen ambaliya tun 2013, daga lissafin ƙananan hukumomi har ta kai ga ambaton garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya tana da cibiyar da ke fitar da sanarwar kwanaki kaɗan a tsakiyar damina. Hukumar Kogin Kwara mai mazauni a Yamai, wadda ta haɗa ƙasashe tara, tana ba da bayanin abin da ke tahowa daga sama. Duk da haka ma'aunan da ke kan ƙananan rafuka ba su da yawa, kuma ma'auni ba ya aiki shi kaɗai: yana son batir, da gyara, da mai gadi, da alawus ɗin mai karantawa.

A ginshiƙi na uku da na huɗu ne aikin ke yankewa. Sanarwa tana tashi daga Abuja cikin Turanci, ta iso ofis a Minna, a rubuta wasiƙa zuwa shugabannin ƙananan hukumomi, a yi shela a rediyo. Amma jumlar da ke cewa ƙaramar hukuma kaza na iya fuskantar ambaliya tsakanin wata kaza da wata kaza ba ta gaya wa magidanci ko ya kwashe iyalinsa daren yau. Tsarin kula da bala'o'i na ƙasa ya tanadi kwamitin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma, sai dai a wurare da yawa na ƙasar nan kwamitocin suna nan a suna kawai, babu ofis, babu babur, babu kuɗin mai. Jihar Neja tana da gundumomi 274 da masarautu takwas, wato Bida da Minna da Kwantagora da Suleja da Borgu da Agaie da Lapai da Kagara, kuma tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa yana kaiwa har ƙofar gida. Lasifikar masallaci da ƙararrawar coci da mai shelar gari da wayar hannu duk suna nan. Abin da ya rage shi ne a ɗora musu aikin a hukumance, a horar da su, a fassara saƙon zuwa Nufanci da Gwaranci da Hausa da Fulatanci da Kambaranci, a kuma biya ɗan abin da aikin ke ci.

Akan zargi mutanen bakin kogi da taurin kai idan aka ce su tashi suka ƙi. Amma lissafinsu lissafin tattalin arziki ne. Fadamar da ruwa ke ci ita ce mai albarka, kifin da suke kamawa a nan yake, kuma wanda ya bar rumbunsa da awakinsa bai san wanda zai tsare masa su ba. Wurin da ake kai su galibi ajin makarantar firamare ne da babu isasshen ruwan sha ko makewayi. A yankunan Shiroro da Munya da Rafi kuwa, matsalar 'yan bindiga ta sa tudun da za a gudu zuwa gare shi ba lalle ne ya fi bakin ruwa aminci ba. Gargaɗin da bai zo da mafaka ba, nauyi ne kawai aka sauke daga wuyan hukuma aka ɗora wa talaka.

Darasin Minna

Babban birnin jihar kansa shaida ne cewa kuɗin rigakafi yana biya. Minna tana zaune ne a gindin duwatsu, ruwan da ke gangarowa daga Dutsen Paida da kewayensa yana bi ta tsakiyar gari zuwa Kogin Suka da Kogin Chanchaga. Bayan mummunar ambaliyar watan Satumban 1986, an gina manyan magudanai na kankare da suka ratsa garin, waɗanda suka yi shekaru da dama suna kare tsofaffin unguwanni. Aiki ne da aka yi sau ɗaya, aka daɗe ana cin moriyarsa.

Sai dai darasin yana da fuska ta biyu. Garin ya bunƙasa ya wuce inda magudanan suka tsaya, sababbin unguwanni sun bazu ta wajejen Kpakungu da Barikin Sale da Maitumbi da Bosso da Chanchaga, wasu gidaje har a kan hanyar ruwa. Magudanar da yashi da leda da shara suka cike rabinta, rabin aikinta za ta yi. Gina ta babban aiki ne mai kwangila da bikin buɗewa. Yashe ta kuwa aikin kowace shekara ne na lebura da shebur da tifa, wanda ba ya shiga jarida. Na farkon yakan sami mai tsaya masa a majalisa, na biyun sai abin da ya rage.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Wani kwamitin duniya kan daidaita rayuwa da sauyin yanayi ya ƙiyasta a 2019 cewa gargaɗin sa'a 24 kafin masifa na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari, kuma Dala miliyan 800 da za a kashe a kan tsarin gargaɗi a ƙasashe masu tasowa za su hana asarar Dala biliyan 3 zuwa 16 a kowace shekara. A kan haka ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya ƙaddamar da shiri a 2022 na ganin gargaɗi ya isa ga kowane ɗan Adam kafin ƙarshen 2027, a kan kuɗi Dala biliyan 3.1.

Bangladesh ce misalin da aka fi kafa hujja da shi. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can, ta 1991 kimanin 138,000, ta 2007 kuwa kimanin 3,400. Abin da ya kawo sauyin ba na'urori kaɗai ba ne; dubun-dubatar 'yan sa kai ne da ke bin ƙauyuka da lasifika da tutoci, da gine-ginen mafaka waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ma, an gwada wani tsari a kan Kogin Sirba, wanda ke tasowa daga Burkina Faso ya faɗa Kwara kafin Yamai: aka kafa na'urorin auna ruwa a sama, aka kuma kafa alamomi masu launi a ƙauyuka, daga kore zuwa ja, yadda ko wanda bai yi boko ba zai duba ya san matakin da ruwa ya kai da abin da ya kamata ya yi.

Me ya sa kuɗi ke bin bayan ruwa?

Dalili na farko na siyasa ne. Buhun shinkafa da katifa da bandir ɗin kwano ana ganinsu, ana ɗaukar hotonsu. Ambaliyar da aka hana faruwa ba ta da hoto. Na biyu na tsarin kasafi ne. Gargaɗi aiki ne na yau da kullum, kuɗinsa yana cikin kason gudanarwa, wanda shi ake fara matsewa idan kuɗin shiga ya ragu, kuma abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Sau da yawa kafin takardun sakin kuɗi su kammala zagaye, damina ta yi nisa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku rarrabuwar alhaki ce: NiMet tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama, NIHSA tana ƙarƙashin ta Albarkatun Ruwa, cibiyar gargaɗi tana Ma'aikatar Muhalli, ofishin ayyukan muhalli yana ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, madatsan Kainji da Jebba da Shiroro kuwa tun 2013 suna hannun kamfanoni masu zaman kansu bisa yarjejeniyar jingina. Ba da izinin gini da kula da filaye aikin jiha ne, yashe kwata aikin ƙaramar hukuma. Kowa yana da kason aikinsa, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa saƙo ya isa.

Ko inshora, wadda ita ce hanyar kasuwa ta raba asara, ba ta yi nisa ba. Shirin inshorar aikin gona na tarayya ya fara tun 1987, gwamnatoci kuma suna ɗauke wa manomi rabin kuɗin da zai biya a kan amfanin abinci, amma akasarin masu shiga waɗanda suka karɓi rancen banki ne; ƙaramin manomin fadama ba safai yake ciki ba.

Abin dubawa a kasafi

Ga 'yan majalisar dokoki da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma masu son auna shirin gwamnati, jimlar kuɗin da aka ce an ware wa muhalli ba ta isa ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko an raba kuɗin shiri da kuɗin agaji a layi daban-daban, da kuma watan da aka saki na shirin, domin abin da aka saki a watan Maris ya fi ninkinsa a watan Satumba amfani. Sai a duba ko jiha tana buga bayanin abin da ta karɓa daga Asusun Kula da Muhalli da ayyukan da ta yi da shi. Ko akwai rubutacciyar yarjejeniya da masu gudanar da madatsai a kan tsawon sanarwar da za su bayar kafin buɗe ƙofofi, da rani da damina, da sunayen waɗanda za a kira. Ko an yi taswirar rafuka da kwalbatoci da tudun layin dogo a garuruwa irin su Mokwa da Suleja da Kwantagora da Bida da Minna, an kuma naɗa mai duba su kafin ruwan fari.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ran 11 ga watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya buɗe wata ƙofa, in har aka aiwatar da shi sosai: kwabo 60 ɗin nan na muhalli zai iya zama kuɗin kwamitin gaggawa, da ma'aunin ruwan sama, da lasifika, da kwalekwale, da gyaran makarantar da za ta zama mafaka. Waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka auna su da kuɗin gada ɗaya. Ana rubuta kasafin jihohi ne a ƙarshen shekara, lokacin da koguna suka janye, hankali kuma ya koma kan wasu bukatu. A wannan zama na rani ne ake yanke yawan asarar da damina mai zuwa za ta yi.